Tarihin Bili Yaro, Ɓarawon Shanun Amurka Da Ake Gardamar Mutuwarsa

A wannan fitowa na ga ya dace in kawo tarihin wani yaro Ba'amurke wanda duk mutumin da ya taso da kallon fim ɗin kaboyi ya san sunansa, wato Billy the Kid, da Hausa sai mu ce Bili Yaro. Dalili kuwa, yau shekara fiye da 140 ke nan da aka binne shi, amma har gobe ana gardama, a can ƙasarsu da ma nan majalisunmu na bakin shago. Wasu na cewa an kashe shi, wasu na cewa wani aka kashe a madadinsa, shi kuwa ya rayu har ya yi furfura. Ni dai ina ɓangaren masu cewa ya mutu, kuma zan faɗi hujjata, amma bari mu fara sanin mutumin kafin mu yi musu a kan gawarsa.

Sunansa na yanka Henry McCarty. An haife shi a shekarar 1859, kuma akasarin masu bincike sun tafi a kan cewa a birnin Niyok ne. Uwarsa, Catherine, baƙuwa ce daga ƙasar Ayalan. Ta yi ta ƙaura da 'ya'yanta maza biyu tana nausawa yamma, har a 1873 ta auri wani mutum mai suna William Antrim, suka zauna a Silver City, garin masu haƙar azurfa a yankin Niyu Meksiko. A lokacin yankin bai zama jiha ba, daga Washintan ake naɗo masa gwamna. A watan Satumba na 1874 tarin fuka ya kashe uwar, mijin uwa kuwa hankalinsa na wajen haƙar ma'adini, sai yaro ɗan shekara sha huɗu zuwa sha biyar ya koma wanke-wanke a gidan saukar baƙi don ya samu na sawa a baki. Bayan shekara guda aka kama shi a kan kayan da aka sato daga shagon wankin wani ɗan ƙasar Sin. Kwana biyu ya yi a kulle, ya bi ta bututun hayaƙin murhu ya sulale, saboda siriri ne ƙwarai. Daga nan ya tsallaka Arizona ya shiga satar dawaki. A watan Agusta na 1877 faɗa ya haɗa shi da wani ƙaton maƙeri, Frank Cahill, a wata mashaya. Maƙerin ya kayar da shi ya danne, shi kuwa ya zaro ƙaramar bindiga ya harbe shi a ciki, washegari mutumin ya cika. Ran farko da ya ɗauka ke nan, bai ko kai shekara sha takwas ba. Sai ya gudo ya dawo Niyu Meksiko, ya sake wa kansa suna William Bonney.

To a nan ne nake son 'yan uwana 'yan kasuwa su kasa kunne, domin yaƙin da ya fito da sunan yaron nan, asalinsa rigimar shago ce da kwangilar nama. A garin Linkon akwai wani babban kanti na Lawrence Murphy da James Dolan. Su ke da kwangilar sayar wa gwamnati shanu don ciyar da sojojin barikin Fort Stanton da kuma ƙabilar Apache da aka killace a kusa. Su ke ba manoma kaya bashi da tsada, su karɓi amfanin gona da araha, wanda ya kasa biya a karɓe gonarsa. Shugaban 'yan sandan gundumar ma, wanda suke kira sherif (ba sharifi irin namu ba, su zaɓensa suke yi da ƙuri'a), William Brady, nasu ne. Ana nan sai ga wani saurayi ɗan Ingila mai kuɗin uba, John Tunstall, ya zo ya haɗa kai da wani lauya, Alexander McSween, ya buɗe nasa kantin da ɗan banki a garin a 1877, ya kafa garken shanu, ya ɗauki samari masu iya bindiga su tsare masa. Cikin samarin nan har da Bili.

Duk wanda ya taɓa kafa rumfa a garin da ba nasa ba ya san abin da zai biyo baya. Baƙo ya zo ya karya farashi a garin da ɗan sanda da mai gabatar da ƙara duk suna cin tuwo a gidan abokin hamayyarsa. Su Dolan ba su fito da bindiga da fari ba, takardar kotu suka fito da ita. Akwai wata shari'a a kan kuɗin inshorar wani mamaci, dala 10,000, da ake tuhumar lauya McSween ya riƙe, sai aka samo izinin kama dukiyarsa, aka kuma ce ai dukiyar Tunstall ma ta shiga ciki tun da abokan ciniki ne. Ranar 18 ga Fabrairu, 1878, mutanen da sherif ya tura suka cim ma Tunstall a hanya yana koro dawakinsa zuwa Linkon, suka harbe shi har lahira. Shekararsa ashirin da huɗu.

Yaran Tunstall suka ɗaura ɗamarar ramuwa. A watan Maris suka kama biyu daga cikin waɗanda ake zargi, ba su kai su gari da rai ba. Ranar 1 ga Afrilu suka laɓe a bayan katangar kantin maigidansu, suka harbe sherif Brady da mataimakinsa guda a tsakiyar titi da safe. A watan Yuli aka yi kwana biyar ana ɓarin wuta a cikin Linkon, har Kanar Dudley ya shigo da sojoji da igwa, zuwan da ya yi wa su Dolan daɗi. Aka cinna wa gidan McSween wuta, ɗaki bayan ɗaki yana ci, da dare ya yi Bili da wasu suka keto ta cikin harsashi suka tsira, lauyan kuwa a ƙofar gidansa aka kashe shi.

Abin ya kai kunnen Shugaban ƙasa Hayes, ya tuɓe gwamna ya naɗo Lew Wallace, tsohon janar, wanda shi ne ya rubuta littafin Ben-Hur da aka yi fim da shi. A watan Fabrairu na 1879 aka sake kashe wani lauya, Huston Chapman, a titin Linkon a gaban idon Bili. Sai yaron ya rubuta wa gwamna wasiƙa, suka haɗu a ɓoye da dare ranar 17 ga Maris, aka shirya zai ba da shaida a kan su Dolan, shi kuma a yafe masa. Ya cika nasa alkawarin, ya tsaya ya ba da shaida. Amma mai gabatar da ƙara, wanda abokin Dolan ne, ya ƙi janye tuhumar da ke kansa, gwamna kuwa ya kau da kai. Da Bili ya ga haka sai ya hau doki ya koma satar shanu a wajejen Fort Sumner, wani tsohon bariki da ya zama ƙauye a bakin kogin Pecos. Mutanen wurin yawancinsu Sifaniyanci suke yi, shi kuma yana jin harshen kamar a ciki aka haife shi, ga fara'a ga son rawa, don haka suka riƙe shi kamar ɗansu. A nan ma ya harbe wani Joe Grant a mashaya a Janairun 1880.

Masu manyan garkuna suka gaji da asara. A Nuwamban 1880 suka tsaya aka zaɓi Pat Garrett sherif, wani dogo tsohon maharbin ɓauna wanda ya taɓa aikin mashaya a Fort Sumner, ya kuma san Bili ido da ido. Gwamna ya sa ladan dala 500. Kafin Kirsimeti Garrett ya kashe abokan Bili biyu, Tom O'Folliard da Charlie Bowdre, ya ritsa shi a wani ɗakin dutse cikin tsananin sanyi, yunwa ta sa ya miƙa wuya. Daga kurkuku ya yi ta aika wa gwamna wasiƙu yana tuna masa alkawari, ba amsa. A Afrilun 1881 kotu a garin Mesilla ta same shi da laifin kisan Brady, aka yanke za a rataye shi ranar 13 ga Mayu. Ku lura da kyau, jama'a: duk jinin da aka zubar a yaƙin Linkon, shi kaɗai aka yanke wa hukunci. Dolan kuwa daga baya shi ya mallaki kantin Tunstall da garkensa, ya riƙe muƙamin ma'ajin gunduma, ya shiga majalisa, ya mutu a 1898 ba wanda ya taɓa shi. Wannan shi ne makircin da aka yi da rana tsaka, amma ban cika jin masu gardama suna ɗaga murya a kansa ba.

Aka kai shi Linkon aka tsare a saman benen kotu, wanda kuma shi ne tsohon kantin su Dolan. Ranar 28 ga Afrilu, Garrett ba ya gari, mai gadi ɗaya, Bob Olinger, ya kai sauran fursunoni cin abinci a tsallaken titi. Bili ya nemi ɗayan, James Bell, ya raka shi bayan gida. A dawowa, a kan matakala, bindiga ta shiga hannunsa ya harbe Bell. Ya ja sarƙar ƙafarsa ya ɗauko bindigar Olinger mai baki biyu, ya tsaya a taga, da mai ita ya sheƙo a guje ya sakar masa duka biyun. Ya yi kusan awa guda yana fama da marin ƙafarsa, mutanen gari na kallo ba wanda ya motsa, sannan ya hau doki ya fice. Masu fim suna nuna wannan a matsayin jarumtaka. Ni abin da na gani rayuka biyu ne, kuma Bell an shaide shi da kyautata wa fursunan nan. An zalunci yaron, gaskiya ne, amma wanda aka zalunta ba a ba shi lasisin kashe wanda bai zalunce shi ba. Maganar da ake yi wai ya kashe mutum 21, ɗaya a kan kowace shekara ta rayuwarsa, ƙarin gishiri ne. Huɗu ne aka tabbatar ya kashe shi kaɗai, sai wasu kamar biyar da aka yi taron dangi da shi a ciki. Bai taɓa fasa banki ko tare jirgin ƙasa ba.

Maimakon ya tsallaka ƙasar Meksiko, sai ya koma Fort Sumner wajen mutanensa. Daren 14 ga Yuli, 1881, Garrett ya iso ƙauyen da mataimaka biyu, John Poe da Thomas McKinney. Wajen tsakar dare ya bar su a baranda ya shiga ɗakin kwanan Pete Maxwell, mai gidan da ya fi kowa dukiya a wurin, don ya tambaye shi labari. Ana cikin haka sai ga Bili ya taho, ba takalmi, da wuƙar yankan nama a hannu, zai yanki tsoka daga ɗan maraƙin da aka rataye a barandar. Ya ga baƙi biyu a zaune, ya yi ta tambayarsu da Sifaniyanci su wane ne, yana ja da baya har ya faɗa ɗakin Maxwell mai duhu, ya sake tambayar maigidan. Garrett ya gane muryar, ya yi harbi sau biyu, ɗaya ya same shi a ƙirji saman zuciya. Ko shurawa kirki bai yi ba.

To yanzu sai gardamar. Masu cewa bai mutu ba suna da hujjoji, kuma ba zan ce duka shirme ne ba. Suna cewa a duhu aka yi harbin. Suna cewa Poe da kansa ya rubuta daga baya cewa da farko ya gaya wa Garrett yana jin ba shi ya harba ba. Suna cewa ba a ɗauki hoton gawar ba, an yi gaggawar binnewa washegari, kuma da Garrett ya je Santa Fe karɓar ladansa muƙaddashin gwamna ya ƙi biya, sai a Fabrairun 1882 majalisar dokoki ta amince a ba shi. Wasu ma na cewa abokai ne, suka haɗa baki aka sa wata gawa. Ambaliyar kogin Pecos ta 1904 kuma ta tafi da alamun katako na maƙabartar, don haka inda dutsen yake yau kintace ne na tsofaffin da suka halarci jana'izar.

Sai a ƙarshen shekarun 1940 wani mai binciken shari'ar gado, William Morrison, ya gano wani tsoho a Tekzas da ake kira Brushy Bill Roberts, wanda ya ce shi ne Bili, wai wanda aka harbe a daren nan abokinsa ne Billy Barlow. A ƙarshen Nuwamban 1950 aka kai shi gaban Gwamna Thomas Mabry neman afuwar da Wallace ya hana. 'Yan jarida sun cika wurin, 'ya'yan Garrett na zaune, tsoho ya rikice ya kasa amsa tambayoyi, gwamna ya ce bai gamsu ba. Ranar 27 ga Disamba ya yanke jiki ya faɗi a titin garin Hico. Labarinsa ne aka gina fim ɗin Young Guns II na 1990 a kai, kuma na lura yawancin masu musu da mu a majalisa daga wannan kaset ɗin suka ɗauko karatunsu. Akwai kuma wani John Miller da ya mutu a Arizona a 1937, wanda iyalinsa suka ce shi ne. Har tone shi aka yi a 2005 don gwajin ƙwayoyin halitta, ba a samo komai ba.

Ga amsata. Poe bai taɓa sanin Bili ba, shi ya sa ya bar shi ya wuce ta gabansa, to shakkar wanda bai san mutum ba ai ba hujja ba ce, kuma shi Poe ɗin ya ce da aka kawo fitila aka tabbatar. Gaggawar binnewa kuwa, haba jama'a, watan Yuli ne a ƙasa mai zafi, ba ƙanƙara ba asibiti, mu da muke sallar gawa kafin la'asar mu ne za mu yi mamakin wannan? Hoton gawa ma ba ya kashe gardama. Jesse James, wani ɗan fashin nasu, an ɗauki hoton gawarsa a 1882, duk da haka a 1948 wani tsoho J. Frank Dalton ya fito ya ce shi ne, sai da aka tone kabarin a 1995 gwaji ya nuna na cikin ramin shi ne Jesse. Abin dariya, shi Brushy Bill yana cikin waɗanda suka tsaya wa Dalton shaida. Sannan wata 'yar ɗan uwansa ta fito da littafin Baibul na gidansu inda ake rubuta haihuwa, ya nuna 1879 aka haife shi. Ke nan ranar da aka yi harbi a ɗakin Maxwell ko yaye shi ba a daɗe da yi ba.

Amma babbar hujjata ita ce mutanen ƙauyen. A karatun da aka yi mana, shaidu biyu adalai sun isa a tabbatar da mutuwa har a raba gado mace ta yi takaba. A nan mutum shida aka haɗa washegari, ƙarƙashin Milnor Rudulph, suka duba gawar suka sa hannu a takarda da Sifaniyanci. A daren kuwa matan garin suka roƙa aka ba su gawar, aka kai shagon kafinta aka shimfiɗe a kan benci, suka kewaye ta da kyandir suka kwana a kanta. Waɗannan mutane ne da suka ci abinci da shi, suka ɓoye shi wata biyu da rabi, kuma haushin Garrett suke ji har shi da mataimakansa suka kwana a shirye don tsoron a far musu. Wasu daga cikinsu sun rayu har shekarun 1920 da 1930, marubuta sun same su sun tambaye su, maganarsu ba ta canza ba. A ce ƙauye guda, maza da mata, sun riƙe sirri ɗaya shekara hamsin? Mu nan in mutum ya sayar da sa a kara da safe, kafin azahar duk Sabo an san nawa aka biya da wanda ya ci la'ada. Kuma Garrett ɗan siyasa ne mai maƙiya. Da ya karɓi lada a kan gawar ƙarya, ranar da yaron ya leƙo kowace mashaya ya gama yawo. Shi kuma Bili, wanda ya kasa nisantar Fort Sumner alhali igiya na jiransa, shi ne zai yi shiru shekara 69?

Inda na yarda akwai lauje cikin naɗi shi ne yadda aka kashe shi. Garrett ya ce yaron na riƙe da bindiga ban da wuƙar, wasu mutanen garin sun ce wuƙa ce kawai. Akwai masu cewa Maxwell ne ya tsegunta, saboda ba ya son abin da ke tsakanin Bili da ƙanwarsa. Littafin da Garrett ya fitar a 1882, wanda wani ɗan jarida Ash Upson ya rubuta masa yawancinsa, cike yake da ƙarin gishiri, to wanda aka kama da ƙari a wuri ɗaya dole a yi shakkarsa a wani. Mai yiwuwa kwanton ɓauna aka yi masa aka harbe shi ba gargaɗi, sannan aka gyara labarin. Wannan gardama ce mai ma'ana, amma ita ma da gawa take ƙarewa.

Me ya sa to zancen ya ƙi mutuwa? Ni ɗan kasuwa ne, inda kuɗi ke shiga nake dubawa. Fort Sumner na da kabari da gidan tarihi, baƙi na zuwa. Hico ma ta buɗe nata gidan tarihin na Brushy Bill, kabarinsa kuma na garin Hamilton kusa da nan, baƙi na zuwa. A 2003, da goyon bayan Gwamna Bill Richardson, aka taso da maganar tone uwar Bili a Silver City da shi kansa a Fort Sumner don a gwada, garuruwan biyu suka ce ba su yarda ba, aka je kotu, maganar ta mutu a 2004. Ba na ganin laifinsu wajen kare kabari, tonon gawa ba abin wasa ba ne, amma kowa ya san wanda ke cin kasuwa ba ya son a taɓa masa rumfa. Dutsen kabarin ma sau biyu ana sace shi, na farko ya yi shekara fiye da ashirin kafin a gano shi a Tekzas, na biyu a 1981, yanzu a cikin kejin ƙarfe yake. Ranar ƙarshe ta 2010 Richardson ya sanar cewa ba zai ba da afuwar ba. A watan Yuni na 2011 aka yi gwanjon hotonsa guda ɗaya da kowa ya yarda shi ne, wani attajiri William Koch ya saya dala miliyan 2.3. Hoton nan ma ya ɓatar da mutane shekaru, domin irin na dā ne da ke fitowa a juye kamar madubi, aka yi ta cewa bahago ne har aka yi fim a kan haka a 1958, sai da masana bindiga suka lura ƙofar zuba harsashin bindigar da ke hannunsa ta koma ɓangaren da kamfani bai taɓa sa ta ba.

Shi kuwa Pat Garrett, ranar 29 ga Fabrairu, 1908 aka harbe shi a hanya kusa da Las Cruces, harsashi ɗaya ta ƙeya, a kan rigimar awaki da wani ya zuba a filin kiwonsa da aka ba da haya. Wani saurayi, Wayne Brazel, ya kai kansa ya ce shi ne, wai kare kansa ya yi. A 1909 aka yi shari'ar cikin yini guda aka sallame shi.